Turmin da Ya Je Hutu Farasan

Shekara ashirin da huɗu Turai tana dakan yaji a saman gidansu da ke unguwar Hindawiyya a Jidda, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tsayawa a gaban shagon mijinta ya sa wa hannun da ya daka albarka. Abdulghani ake yabo. Shi ne mai sairiya, wato tsiren nan da kakanninsu suka zo da shi Hijaz, mutanen Jidda suka ɗanɗana suka kasa bari. Sunansa ne a allon shago da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma an rubuta da Larabci cewa yajinsu dakan hannu ne, ba na inji ba. Hannun wa? Allon bai faɗa ba.

Ta taɓa sayo injin niƙa, shekara shida da suka wuce. Ko kwana biyu bai yi a gidan ba Abdulghani ya mayar wa mai shi, wai inji yana ɗumama ƙuli-ƙuli ya kashe masa ƙamshi, kuma shi ba zai yi wa mutane ƙarya a allo ba. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai idan ana maganar allo.

A bana hannun ya ce ya gaji. Da farko yatsu uku ne suke mutuwa mata da safe, daga baya kofin shayi ya fara suɓucewa. Likitar da ta duba ta ba ta ɓoye komai ba: jijiya ce ta danne a wuyan hannun dama. Sati shida kada ta taɓa taɓarya. In ta ƙi ji, sai an yi mata aiki, kuma ko an yi aikin ba ta yi alkawarin babban yatsa zai dawo yadda yake ba.

Tahani ce ta raka ta asibitin, ’yarsu tilo, mai aiki a shagon magani. Ta san uwarta sarai, ta san muddin turmin yana kusa ba za ta huta ba, don haka ta ƙudurta sai ta raba su. Da so samu ne, can tsibiran Indunusiya za ta tura iyayen, inda abokan aikinta suke zuwa su dawo da hotuna. To amma Turai da Abdulghani, duk da a Jidda aka binne cibiyarsu, da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, suke zaune. Fita ƙasar sai da amincewar kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, sai kuma an sabunta fasfon wata ƙasa da ba su taɓa taka ta ba. Sai Tahani ta nemo musu tsibirin da ba ya bukatar roƙon kowa: Farasan, can kudu, a tekun Jazan. Ta kama musu ɗaki na kwana biyar a bakin ruwa, ta daidaita shi da lokacin da kifin harid yake zuwa gaɓa sau ɗaya a shekara, garin duka ya fita kamu.

Abdulghani ya yi ta zillewa. Wa zai riƙe shago? Aka ce Garba, ɗan baffansa da suke aiki tare. To yaji fa? Kowa ya san hannun wa ake nufi. Turai ta jira Tahani ta tafi aiki, ta hau sama ta yi kwana uku tana dakan abin da zai ishi Garba har su dawo, tana yi tana tsoma hannun a ruwan ƙanƙara. Ta ce a ranta wannan ne na ƙarshe. Abin da take so a tafiyar nan ba shi da yawa: ta zauna a kawo mata abincin da ba ta san wanda ya dafa ba, mijinta yana gefenta, ta kuma ga kifin nan da idonta.

Bayan sallar asuba suka kama hanya a tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, wadda a Jidda ake ce wa wanet. Ta lura ya lulluɓe bayan da tampol ya ɗaure da igiya tamau. Da ta tambaya ya ce kayan gyara ne da taya, hanyar akwai nisa. Ta yarda, don ba ta taɓa doguwar tafiya ba balle ta san yawan tayar da ake bukata.

A gaskiya, kwana biyun farko ba ta da abin ƙorafi. A Jazan ya kai ta wani ɗan gidan abinci suka ci marsa, gurasa ce da aka murje da ayaba da zuma da man shanu, ta ci har ta ji kunyar kanta. Ya sayo mata igiyar furen ful irin wadda matan can suke ratayawa, ya miƙa mata yana kallon gefe kamar wanda ya yi laifi. Suka shiga babban jirgin ruwa da motarsu. Tana tsaye tana kallon teku ta ji wasu maza biyar ’yan Jidda sun gane shi, suna ta “Abu Tahani! Abu Tahani!” suna rantsuwa cewa ba su da wurin cin sairiya sai nasa. Bakinsa har kunne. Ita ma ta yi murmushi a bayan mayafi, ba ta kawo komai a ranta ba.

Washegari aka ɗauke su a ƙaramin kwalekwale aka ratsa da su cikin itatuwan da suke tsirowa a ruwan gishiri, ruwan garau har tana ganin ƙasa. Suka zaga wani tsohon ƙauye na gidajen dutse. Da rana aka kawo musu kifin da aka gasa a tanderun ƙasa da gurasar dawa mai ɗan tsami. Abdulghani ya ci ya suɗe hannu, sannan ya ce mutanen kirki ne amma ba su san yaji ba. Ta yi banza da shi. Hannunta ya fara sauka, har ta riƙe kofi ba tare da ta tallafa da hagu ba.

A rana ta uku ta yi abin da rabonta da shi tun tana amarya, ta kwanta barcin rana. Ƙamshi ne ya tashe ta bayan la’asar. Ba ta bukaci a gaya mata ba, ko a kabari aka turara mata wannan ƙamshin za ta gane shi: cittarta ce, kanumfarinta ne, masoron da ta tsince da hannunta. Ta leƙa ta taga. Ga tampol a ƙasa, ga murhun gashi an kafa a kan yashi, ga buhun gawayi, ga tsinkaye jere. Ga Abdulghani da fifita a hannu, mutanen jirgin nan sun kewaye shi, wasu baƙi ma suna ta tahowa daga ɗakunan maƙwabta. Naman a garin ya saya. Yajin kuwa rabin wanda ta daka wa Garba ne ya kwaso.

Ta jira har ya shigo ɗaukar ruwa, ta tare ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, don bangon ɗakin ba shi da kauri, amma duk abin da ke cikinta ta amayar masa. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ai ba sayarwa yake yi sosai ba, mutane ne suka roƙa, ya za a yi ya kunyata su. Daga nan ya ɗauko tarihin da ta ji sau ɗari: kakansa shekara bakwai ya yi a hanya daga Sakkwato zuwa Makka, duk garin da ya sauka sai ya hura wuta ya gasa nama, da haka ya iso. Su a gidansu ba a tafiya hannu rabbana. Mutum ya zauna yana kallon ruwa kwana biyar, ruwan ya ba shi me?

Ta ce, “Kakanka hajji ya zo. Ni hutu aka kawo ni.”

Ya ce, “To wa ya hana ki? Huta, ya Ummu Tahani. Ni na ce ki taɓa wani abu?”

Da a nan ya tsaya, da wataƙila ta haɗiye. Amma kafin magariba yajin ya ƙare ƙaf, kuma bakinsa ya riga ya kai shi inda ba zai iya dawowa ba: ya yi wa Nayef, mai ɗakunan da suka sauka, alkawarin sairiya ta mutum talatin gobe da rana, idan an dawo daga kamun harid. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, maza suna ɗan nesa suna shan shayi, sai ta ga ya hau bayan wanet ya sauko da wani abu a nannaɗe cikin bargo. Ya kwance a gaban kowa. Turminta ne da taɓarya, na mahaifiyarta, wanda bakinsa ya sha hannu har yana ƙyalli. Har ƙuli-ƙuli da kayan ƙamshi ya zo da su a leda. Wato tun a Jidda ya gama shirinsa, tun yana ce mata taya ce.

Ya ɗaga taɓaryar yana nuna wa baƙin, yana ce musu ga sirrin nan, ba inji ba ne, hannun Ummu Tahani ne, gobe za su ɗanɗani sabon daka. Mazan suka juyo wajenta suna masha Allah, suna Allah ya ƙara lafiya, Nayef har da dafa ƙirji. Karo na farko ke nan a shekara ashirin da huɗu da Abdulghani ya ambaci hannunta a gaban mutane, kuma ya yi ne don ya ɗaure ta. Ya san ta. Ya san matar da aka yi wa tarbiyya a Hindawiyya za ta gwammace hannunta ya karye da ta ƙaryata mijinta a gaban baƙi. Abin da ya fito daga bakinta shi ne amin.

Da gari ya waye motoci suka yi ta wucewa zuwa gaɓar da kifin yake taruwa, mata da yara da tsofaffi, ana kiɗa ana guɗa. Abdulghani ya ce ɗan kaɗan za ta daka, habba-habba, wato sannu-sannu, kada ta wahalar da kanta. Ya karɓi wayarta wai zai ɗauko mata hoton kifin tunda ba za ta samu zuwa ba, ya shige motar Nayef suka tafi. Ta tsaya a bayan ɗakin ita kaɗai, ga teku shimfiɗe a gabanta, ga turmi. Ta ɗaga taɓarya. Kowane bugu sai ta ji shi kamar an soka mata allura daga wuyan hannu har kafaɗa, kuma ba ta sassauta ba, da haushi take dakan. Haushinsa, da haushin kanta da ta ce amin.

Ƙarar dakan ce ta jawo wata tsohuwa daga gidan baya, Ummu Nayef, mahaifiyar mai wurin, wadda ƙafa ta hana ta zuwa gaɓa. Ta tsaya ta dogara sandarta tana kallon baƙuwar da ta zo daga Jidda ta yi daka ranar harid. Ta tambaye ta ko hukunci aka yanke mata. Turai ta ce alkawarin mai gida ne. Tsohuwar ta ja tsaki irin wanda Turai ta zaci Hausawa kaɗai suka iya, ta zauna a kan bokiti har aka gama, sannan ta ce ta sa abayarta ta biyo ta. Ta ce a garinsu duk yarinyar da aka aurar a shekarar, gidanta ake kai harid na farko, mata su taru su yi mata waƙa, kuma bana jikarta ce.

Gidan ya cika da mata. Amarya tana zaune an cika mata kai da ful, ana buga ganga ana tafi. Babu wadda ta tambayi Turai ’yar wace ƙasa ce, matsa mata kawai aka yi ta zauna. Can aka shigo da manyan faranti, kifin a kwance a kan shinkafa, wani soyayye wani gasasshe, tururi yana tashi. Ga abin da ta yi tafiyar awa tara a mota dominsa, abincin da ba ta san wanda ya dafa ba. Ta yi bisimilla ta miƙa hannu. Yatsun suka taɓa kifin, amma suka ƙi haɗuwa. Ta sake gwadawa, tsokar ta ɗago kaɗan ta faɗo mata a kan abaya. Babban yatsan yana nan a miƙe kamar ba a jikinta yake ba.

Ummu Nayef ta gani. Ta gutsuro kifin ta zare ƙaya, ta haɗa da shinkafa ta kai mata baki. Turai mai shekara arba’in da bakwai ta buɗe baki aka ba ta kamar yarinya, a gaban matan da ba ta sani ba. Kifin ya yi daɗi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Hawaye suka zubo mata, matan suka ɗauka waƙar amarya ce ta taɓa ta, wata har ta dafa ta. Ba waƙa ba ce, baƙin ciki ne zalla.

Sairiyar Abdulghani ta yi farin jini a ranar, aka cinye tas. Ya dawo yana ba ta labarin yadda maza suka ruga cikin ruwa da buhuna, ya nuna mata hotuna. Rabinsu shi ne a ciki, yana riƙe da kifin wani yana dariya. Ta ce masa hannunta ya mutu. Ya ce ma’alesh, ba komai, gajiya ce, ta shafa man zafi. A daren ma ya fara lissafin cewa baɗi, in Allah ya kai mu, da wuri za su zo su kama wuri mai kyau. Da safe kafin ya ɗaure tampol ta je sallama da Ummu Nayef, ta ɗan jima a can. A hanya tun daga Jazan har Jidda ta juya kai wajen taga, shi kuwa ya ɗauka barci take ji.

Tahani tana ganin hannun ta yar da ledar tsarabar da aka miƙa mata. Ba ta tsaya neman Hausarta ba, da Larabci ta wanke uban tas, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta sa uwar a mota suka wuce asibiti. Likitar ta latsa nan ta latsa can, ta tambayi ko an bi abin da ta ce. Turai ta sunkuyar da kai. Aka sa ranar aiki, sati biyu masu zuwa, aka ɗaure hannun a cikin abin tallafi. Game da babban yatsa likitar ta maimaita abin da ta faɗa tun farko, wannan karon ba tare da murmushi ba.

Da suka dawo gida suka tarar Abdulghani ya sauke kaya yana ta dube-dube a bayan wanet. Garba ya bugo waya cewa yaji ya ƙare tun shekaranjiya. Ga turmi, amma babu taɓarya. Ya zazzage bargo, ya leƙa ƙarƙashin kujera, sannan ya shigo ya tambaye ta.

Ta ce, “Tana Farasan. Ummu Nayef tana tokare ƙofar awakinta da ita.”

“Taɓaryar mahaifiyarki?”

“Ita. Ta fi ni sa’a, ita ta samu hutun.”

Ya tsaya yana kallonta, yana kallon hannun da ke ɗaure. Ya ce ai taɓarya ba ta gagara ba, akwai masu kawowa daga Najeriya a unguwar Kurayyat, shi da kansa zai daka kafin ta warke. Ta ce Allah ya taimaka. Ya kai bakin ƙofa ya dawo, yana sosa ƙeya, ya tambaye ta me da me ake zubawa, kuma wanne ake fara sakawa. Shekara ashirin da huɗu sunansa yana kan allo. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai.

Kwana uku shagon yana rufe. A rana ta biyu ta ji dakan sabuwar taɓarya a sama, bugu kamar talatin, aka tsaya, aka sake goma, daga nan ba ta ƙara ji ba. A rana ta uku bai hau saman ba. Ya fita da hantsi ya tafi kasuwar kifi, ya dawo bayan azahar da harid gasasshe da shinkafa daga gidan abinci. Da kansa ya shimfiɗa ledar cin abinci, ya juye a faranti, ya ajiye a gabanta ya zauna a gefenta. Abin da ta so ke nan tun farko, ya zo da shi bayan an gama ɓarna.

Ya ce, “Yalla, bisimilla.”

Ba ta motsa ba. Sai a lokacin ya lura da abin da bai yi tunani a kai ba tun daga kasuwa har gida, cewa hannun da za ta ci da shi yana ɗaure. Sannan ya gutsuro tsoka, ya zare ƙaya a hankali da yatsunsa da suka yi bororo, ya miƙo wajen bakinta.

Turai ta kalli lomar, ta tuna tsohuwar da ba ta san ko sunan ubanta ba, wadda ba ta jira kwanaki ba kafin ta gani. Ta kawar da fuska. Ta jawo farantin gabanta, ta yi bisimilla, ta sa hannun hagu.

Abdulghani, wanda ko yaron maƙwabta ya gani yana miƙa abu da hagu sai ya tsawata masa, ya buɗe baki zai yi magana. Ta ɗago ta zuba masa ido tana tauna. Ya rufe bakin. Lomar tana hannunsa har ta huce, ita kuwa ta ci gaba da cin kifinta da hagu.